TARA MAKAMAI KAFIN A RUFE ƘOFA: MATSAYIN SHARI'A DA DARASIN TARIHI

Matanin laccar da aka gabatar ga 'yan uwa na Samaru da Sabon Garin Zariya

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya haramta wa bayinSa jinin junansu, Ya sanya zaman lafiya ya zama inuwar da sauran ni'imomi ke fakewa a ƙarƙashinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, abin da ya tara mu a yau wata magana ce da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu cikin raɗa, a bakin masallatai bayan sallar Isha'i, da rumfunan kasuwar Sabon Gari, da teburan masu shayi a Samaru. Maganar ita ce wai gara kowane magidanci ya nemi bindigarsa tun yanzu, ya tanadi harsashi da kayan gyaranta, tun kafin hukuma ta ƙara tsananta doka abin ya gagara. Mun ji labarin waɗanda suka yi niyyar sayar da babur ko fili saboda haka, mun kuma ji na waɗanda ke shawarar a yi adashi a saya wa unguwa. Wasu 'yan uwa sun rubuto suna tambaya: shin wannan aiki ya halatta a Shari'a? In kuwa bai halatta ba, to yaya mutum zai yi da iyalinsa ranar da azzalumai suka ƙwanƙwasa masa ƙofa? Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya yi ta ya cancanci amsa ta ilimi.

TSORON NAN YANA DA DALILI

Wajibi ne mu fara da adalci. Wanda ya ce mutanenmu suna tsoro ne a kan banza bai faɗi gaskiya ba. A farkon watan Maris na 2020 'yan bindiga suka afka wa Kerawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a yankin Igabi da Giwa, suka kashe kimanin mutum 50. A watan Yuni na 2021 suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a nan Zariya cikin dare, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da ɗalibai da malamai. A watan Maris na 2022 suka sake auka wa ƙauyukan Giwa, kuma a ranar 28 ga watan suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A watan Maris na 2024 suka kwashe 'yan makarantar Kuriga. Hanyar da ta ratsa Samaru ta wuce Shika da Giwa ta nufi Funtuwa ita ce hanyar gonakinmu da kasuwanninmu, kuma da wuya a sami layi a cikin unguwanninmu da bai karɓi baƙin da suka gudo daga ƙauye ba.

Su kansu mahukunta sun ƙara wa talaka ruɗani, domin bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ba da sanarwar cewa za ta raba takardun neman lasisin bindiga guda 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a farkon 2018 Sufeto Janar na 'yan sanda Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai. A watan Mayu na 2019 jaridu suka ba da labarin umarnin soke lasisin da ke hannun jama'a, har Majalisar Wakilai ta nemi a janye shi. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa sun dakatar da ba da lasisi. A 2024 kuma aka sa hannu a kan dokar hana bazuwar ƙananan makamai, wadda ta ƙarfafa cibiyar da aka kafa domin haka tun 2021. Duk lokacin da irin wannan sanarwa ta fito, sai raɗe-raɗin nan ya taso sabo: a yi sauri kafin a rufe ƙofa.

ƘOFAR DA AKE GUDUN RUFEWA

To amma wace ƙofa ce ake nufi? Dokar makamai ta Nijeriya tun 1959 take, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, wato makaman yaƙi irin su AK-47, waɗanda ba mai ikon ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta, waɗanda izininsu ke hannun Sufeto Janar. Sai bindigar toka irin ta mafarautanmu, wadda lamarinta ke komawa ga Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali a cikin shekara 5 da suka gabata. Ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka kama da makami na kashin farko.

Ashe ke nan ƙofar halal ta daɗe da ƙuntata, kuma wadda ake cewa a yi gaggawar shiga ita ce ta 'yan fasa-ƙwauri. Wannan kasuwa kuwa mun san girmanta. A shekarar 2017 kaɗai hukumar kwastan ta kama bindigogi 2,671 a Legas, a kamu huɗu. A watan Yuli na 2024 ta nuna wasu guda 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar jiragen ruwa ta Onne a Jihar Ribas. Tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai ke kwararowa ta Hamada, duk da yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka ƙulla a 2006 domin hana hakan. Wani ƙiyasi na masu bincike da ya fito a 2018 ya nuna akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a ƙasar nan. Idan da yawan bindiga ne ke kawo aminci, da tuni mun samu.

Sai mu tambayi kanmu: a hannun wa kuɗin namu za su faɗa? Dillalin makami ba ya tambayar aƙidar mai saye. Wanda ya sayar wa magidanci yau shi ne zai sayar wa ɗan ta'adda gobe, kuma da ribar da ya ci a wurin na farko zai yi odar kayan na biyu. Shi ne kuma ya fi kowa amfana da jita-jitar rufe ƙofa, domin tsoro na tayar da farashi. An ga haka a Amurka. Kafin dokar hana wasu manyan bindigogi ta 1994 mutane sun yi rububin saye, aka sake yin haka bayan kisan yaran makarantar Sandy Hook a watan Disamba na 2012, da aka fara maganar sabuwar doka. Ƙiyasin 2018 ɗin nan ya nuna bindigogin farar hula a can sun kai miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. Duk da haka a 2021 fiye da mutum 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Wannan a ƙasar da ke da rajista da asibiti da 'yan sanda masu amsa kira ke nan.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Ya 'yan uwa, mu mutane ne da muka gina da'awarmu a kan komawa ga Alƙur'ani da Sunna, saboda haka ba za mu yanke hukunci da tsoro ko da son zuciya ba. Ga abubuwa biyar da nassi ya tabbatar.

Na farko, kare rai da mutunci da dukiya haƙƙi ne tabbatacce. Ya inganta a cikin Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Babu malamin da zai ce wa mutum ya naɗe hannu ana keta alfarmar gidansa.

Na biyu, wannan haƙƙi yana da matakai. Imamun Nasa'i ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, sai ya umarce shi da ya fara tunatar da shi Allah, in bai ji ba ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa da shi, in babu su ya nemi taimakon hukuma, in hukuma ta yi masa nisa sannan ya yi faɗa. Ku lura da jerin: wa'azi, jama'a, hukuma, sannan makami. Mai gaggawar tara makami ya ɗauko na ƙarshe ya mai da shi na farko.

Na uku, makami yana da ladubba masu tsanani. Annabi (S.A.W.) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, domin Shaiɗan na iya fizgar hannunsa. Ya umarci wanda ya ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni. Bukhari ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar (R.A.), wanda tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina, da Hajjaju ya zo dubiya, sai ya ɗora masa alhakin abin, saboda shi ne ya bari aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka, a wurin da ba a shiga da shi. Idan wannan shi ne hukuncin kibiya da mashi, yaya na bindigar da aka tura ƙarƙashin katifa, a ɗaki ɗaya da yara, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya?

Na huɗu, cinikin makami a lokacin fitina abin ƙi ne. Bukhari ya buɗe babi a kan haka, ya ambaci cewa Imrana ɗan Husaini (R.A.) ya ƙi a sayar da shi a irin wannan lokaci. Malamanmu na Malikiyya sun gina wannan a kan ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wato hana abin da asalinsa halal ne idan galibi yana kai wa ga haram. Allah kuma Ya hana mu taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare iyaka a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Wanda ya zuba kuɗinsa a kasuwar da ke ciyar da masu kashe Musulmi, sai ya tanadi amsar da zai bayar.

Na biyar, jinin da aka zubar bisa kuskure ko fushi ba ya dawowa. Aya ta 93 ta Suratun Nisa'i ta tara wa mai kashe mumini da ganganci azabobin da ba a tara wa mai wani laifi ba, aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kuma ta daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Wanda bai taɓa koyon harbi ba, ya farka cikin duhu a firgice, ya ji motsi a zaure, wa ya ba shi tabbacin cewa ba ƙaninsa ne ya dawo daga tafiya ba?

SHUBUHA BIYU

Wasu za su kawo aya ta 60 ta Suratul Anfal, wadda ta yi umarni da tanadin ƙarfi. Ayar gaskiya ce, amma da wa take magana? Tana magana ne da al'umma mai shugaba, a Madina, inda aka san mai ba da umarnin fita da mai ba da umarnin tsayawa, aka san mai hukunta wanda ya wuce gona da iri. Ƙarfin da ya warwatsu a hannun mutum dubu, kowa da ra'ayinsa da abokin gabarsa, sunansa fitina.

Wasu kuma za su ce ai Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kwaɗaitar da jama'arsa tanadin makami tun suna Degel, kamar yadda ƙaninsa Malam Abdullahi ya ambata a cikin Tazyinul Waraƙati. Haka ne. To amma Shehu ya fara wa'azi tun wajen 1774, ya shafe kusan shekara 30 yana karantarwa da tarbiyya kafin hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, kuma sai da jama'a suka yi masa mubaya'a a can kafin gwabzawar Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. Ilimi ya riga, shugabanci ya biyo, sannan makami. Duk da wannan tsari, bayan 'yan shekaru kaɗan Malam Abdullahi da kansa ya bar rundunar ya nufi gabas har ya yada zango a Kano, saboda ɓacin ran da ya yi da ganin yadda son duniya ya shiga zukatan wasu mayaƙa. Idan makami ya iya gurɓata niyya a gaban waɗannan bayin Allah, ina ga zamaninmu?

DARASIN DA KE GABANMU

Ba sai mun je nesa ba. A Zamfara, lokacin da satar shanu da fashi suka yi yawa, jama'a suka kafa 'yan sa-kai da kyakkyawar niyya. Da babu mai tsawata musu, sai wasunsu suka shiga kashe mutane a kasuwanni bisa zato ko bisa ƙabila, waɗanda aka kashe wa dangi suka shiga daji suka nemi makamin da ya fi nasu, ramuwa ta haifi ramuwa, har wutar ta iso Katsina da Kaduna da Sakkwato. A ƙarshen watan Maris na 2025 kuma, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga suka tare matafiya 'yan Arewa, galibinsu mafarauta da ke hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin yin Sallah a gida, suka ga bindigogin toka a motarsu, aka tara musu jama'a, aka kashe mutum 16. Allah Ya jiƙansu. Zalunci ne tsantsa, kuma ya nuna mana abin da tsoro ke aikatawa idan ya haɗu da ƙarfin da ba shi da linzami.

Mu dubi garinmu. Sabon Gari ya tashi ne da zuwan jirgin ƙasa, Samaru kuma ta bunƙasa da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, saboda haka babu ƙabila ko addinin da ba shi da gida a cikinsu. Manyanmu sun ga abin da ya faru a nan a watan Maris na 1987 bayan rikicin Kafanchan, da watan Mayu na 1992 bayan na Zangon Kataf. Da yawanmu mun ga na bayan zaɓen 2011, da tashin bama-bamai a coci-coci a Sabon Gari da Wusasa a watan Yuni na 2012. An yi asarar da ba ta misaltuwa, alhali mafi yawan abin da ke hannun masu tarzoma adda ne da gora da fetur. Ku auna da hankalinku yadda waɗannan ranaku za su kasance da a ce kowane gida a Muciya da Hayin Dogo da Palladan yana da bindiga. Kuma kada mu manta, ranar da maƙwabcinka ya ji ka saya, shi ma zai saya.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi da'awa kanta. Tarihin ƙasar nan ya nuna ƙarshen duk ƙungiyar da ta haɗa wa'azi da ɓoye makami. An gani a Kano a watan Disamba na 1980 a fitinar Maitatsine, inda aka rasa rayuka fiye da 4,000. An gani a Maiduguri a watan Yuli na 2009, kuma har yau al'umma na biyan bashin abin da ya biyo baya. Bindiga ɗaya da za a tono a harabar masallacinmu ko makarantar Islamiyyarmu ta isa a rufe aikin shekara da shekaru, ta isa kuma a ba maƙiya hujjar da suka daɗe suna nema.

MAFITA

To me za mu yi? Ba mu zo mu ce a kwanta a yi barci ba.

Da farko, kada wani ɗan'uwa ya sayi bindiga ko harsashi ko kayan haɗinsu ta ɓoyayyar hanya, kada ya yi dillanci, kada ya karɓi ajiya ko da daga amininsa ne. Wanda ya riga ya faɗa ciki ya nemi shawarar malamai da lauya a kan yadda zai rabu da ita ta hanyar hukuma.

Na biyu, tsaro aikin jama'a ne, sai a yi shi a fili. Kowace unguwa ta zauna da mai unguwa da dagaci da limamai da ofishin 'yan sanda na yankinta, a tsara sintiri da sunayen mutanen da aka sani, a yi musu rajista a ƙarƙashin hukumar 'yan sintiri ta Jihar Kaduna, a sa musu dattawan da za su iya tsawata musu. A cire mashayi da mai zafin kai ko ɗan wane ne. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. A kuma jawo maƙwabtanmu da ba Musulmi ba cikin tsarin, domin ɓarawo ba ya tambayar addinin mai gida, zargi kuma a cikin duhu yake girma.

Na uku, kuɗin da aka yi niyyar kai wa dillali a juya su ga abin da ke hana ɓarna tun kafin ta auku: fitilun layi, ƙofofin lungu, usur da tocila da wayar masu sintiri, da ɗan alawus ɗinsu. A san baƙon da aka ba haya. A sa ido a kan masu kai wa 'yan daji labari da mai da abinci, domin da su ake cin gari.

Na huɗu, mu matsa wa mahukunta lamba ta halaltacciyar hanya, da rubutu da wakilci da ƙuri'a, mu tuna musu cewa tsare rayuka shi ne farkon amanar da suka ɗauka, kuma Allah zai tambaye su. Hukumar da ta hana talaka makami ta ɗora wa kanta wajibcin tsaya masa. Malamai su faɗi wannan a kan mumbari ba tare da tsoro ko kwaɗayi ba.

Na biyar, mu riƙi marayu da zawarawa da 'yan gudun hijirar da ke cikinmu, mu sa 'ya'yansu a makaranta. Yaron da aka kashe ubansa a gabansa, aka bar shi yana gararamba a Kwangila ba mai kula da shi, wani zai kula da shi, kuma ba za mu ji daɗin wanda zai yi hakan ba.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa mai tambaya, ga amsarka a taƙaice. Idan azzalumi ya faɗo maka gida, ka kare kanka da iyalinka da abin da ya sawwaƙa, Shari'a na tare da kai. Amma rububin tara makami ta haramtacciyar hanya saboda jita-jitar rufe ƙofa, ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa, kuma ba mu ga hujjar halatta shi ba. Muna roƙon kowane reshe ya karanta wannan bayani ga 'yan uwa a zamansa na gaba, ya kuma kawo rahoton matakin da unguwarsa ta ɗauka.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya shiryi shugabanninmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa namu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.